RA'AYINMU: KWAMFUTAR DA TA ƘI TASHI BA MUTUWA TA YI BA

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, uku daga cikinmu masu shirya wannan mujalla mun kai ziyara tsohuwar makarantarmu ta sakandare, a wani gari da ke arewa da birnin Kano, cikin ƙasar nan ta gero da dawa da gyaɗa inda gona ke bin gona tun daga Dawanau har Ɗambatta. Bayan gaisuwa da tambayar bayan rabuwa, sai muka roƙi shugaban makarantar ya buɗe mana ɗakin kwamfuta, domin a zamaninmu ba mu taɓa ganin cikinsa ba sai ta taga. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba abin da za ku gani, 'ya'yana. Duk sun mutu." Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ko gawar ce a bar mu mu gani."

Da aka buɗe, sai ga kwamfutoci takwas a jere, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu bargo. Aka tayar da janareta. Kowacce aka danna sai fanka ta juya, fitila ta kama, sa'an nan allo ya tsaya baƙi ƙirin da ɗan rubutun Turanci layi ɗaya ko biyu. Ɗayanmu mai karatun ilmin kwamfuta ya shiga saitin farko na na'urar, ya tarar agogonta ya koma baya da shekaru masu yawa. Washegari muka dawo da 'yan batura masu kama da kwabo, da sukundireba, da filash guda. Kafin la'asar biyar sun tashi. Ta shida ƙura ce kawai ta toshe mata bakin ram, ana gogewa ta bi sahu. Biyu ne kaɗai suka lalace da gaske. Malam ya daɗe yana kallon allunan bai ce uffan ba, daga bisani ya gaya mana cewa shekara uku ke nan ɗakin yana kulle.

Ba mu kawo wannan labari don mu zargi dattijon nan ba, ba kuma don mu yabi kanmu ba. Shi ya sa hannu ya karɓi kayan, shi za a tuhuma in an ga an kwance ko ƙusa ɗaya, ba a ba shi mai gyara ba, ba a kuma ware masa kuɗin ɗaukar su zuwa birni ba. Abin da ya rage masa shi ne kwaɗo da mabuɗi. Mun kawo labarin ne domin ya nuna abin da muke son faɗa a wannan fitowa, watau cewa kwamfutar da ta ƙi tashi sau da yawa lafiyarta lau, hanya ce kawai ta ɓace mata, kuma sanin yadda ake nuna mata hanyar ƙaramin ilmi ne wanda ya wajaba mu ɗalibai mu koya mu kai shi gida.

Bari mu ɗan bayyana abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da bayyanar Windows a allo, domin rashin sani ya fi dare duhu. A jikin babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, akwai wata ƙaramar manhaja da aka dasa tun daga masana'anta. Tsohon sunanta BIOS, kuma da ita kwamfutar IBM ta 1981 ta fito, wadda ita ce kakar yawancin waɗanda muke amfani da su. Sabon salonta shi ake kira UEFI, wanda manyan kamfanoni suka kafa ƙungiyar kula da shi a 2005. Wannan manhaja kamar jakadan gida take. Da an ba da wuta ita ke fara farkawa, ta zagaya ta duba ko ram na nan, ko madannai na nan, ko allo na amsawa. In ta ga matsala tun a nan, sai ta yi ƙara ƙit-ƙit ko ta riƙa ƙifta fitila, kuma yawan ƙarar yana da ma'anarsa a littafin kowane kamfani. In komai daidai ne, sai ta duba wani jeri da ke hannunta, wanda ke gaya mata ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa don ta taso maigida: faifan ajiya ne, ko filash, ko faifan CD, ko wayar sadarwa.

To, a yawancin na'urorin da ke hannunmu, abin da ke riƙe da agogo da wannan saiti lokacin da babu wuta shi ne ɗan batirin nan mai lamba CR2032, mai ƙarfin bolt 3, wanda faɗinsa milimita 20 ne kacal. Ran da ya ƙare, jakada ya manta kwanan wata, ya manta jerin ƙofofi, ya koma kan saitin masana'anta. Sai ya je yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa, ya dawo ya rubuta a allo cewa bai ga abin da zai tashi da shi ba. Alhali kuwa maigida yana ɗakinsa lafiya, da dukan takardun da aka ba shi ajiya, ba a dai kira shi ba ne.

Akwai kuma rikicin tsoho da sabo. Tun daga 1983 ake rubuta bayanin tashi a gurbin farko na faifai, wuri ɗan mitsitsi mai bait 512, tsarin da ake kira MBR. Sabon tsari, GPT, shi ke tafiya da UEFI, kuma ya yaɗu sosai bayan fitowar Windows 8 a 2012. In an ɗora Windows bisa sabon tsari, sa'an nan saiti ya juye ya koma tsoho, ko aka yi akasin haka, na'urar ba za ta gane faifanta ba, tamkar a aiko wa mutum wasiƙa da ajami alhali boko kaɗai ya iya. Haka nan in saitin yadda bod ke magana da faifai ya sauya, Windows kan fara tashi sa'an nan ta faɗi da shuɗin allo. Maganin duka biyun shi ne a mayar da saiti yadda yake a dā. Ana shiga wurin ne ta danna wani maɓalli da zarar an kunna: F2 a kwamfutocin Dell, F10 a na HP, F1 a ThinkPad na Lenovo, Del a yawancin na tebur.

Cuta ta uku ita ce lalacewar bayanin tashi na Windows kansa, wanda ake kira BCD. Wannan kan faru idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da na'ura ke rubutu a faifai ko take sabunta kanta. Windows na zamani in ta kasa tashi sau biyu a jere takan buɗe shafin gyaran kanta. In hakan bai yiwu ba, filash mai gigabait 8 da aka ɗora wa manhajar girka Windows ya isa a shiga da shi, a zaɓi gyara maimakon girkawa, a yi amfani da umarnin bootrec ko bcdboot a sake rubuta bayanin. Ba a taɓa takardun mutum ko ɗaya ba.

Mai karatu zai lura cewa dukan cututtukan nan uku sun fi samun gindin zama a irin garuruwanmu. Kwamfutar tebur da ke jone da lantarki kullum ba ta cika cin batirinta ba, domin daga wutar bango agogon ke sha. Wadda ke zaune wata da watanni babu wuta kuwa, a kan ɗan batirin nan take rayuwa har ya ƙare. Wanda ya tuna yadda Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda a watan Oktoba na 2024, sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ya san cewa birni ma bai tsira ba, balle Kunci ko Tsanyawa ko Makoɗa. Janareta kuma in mai ya ƙare ba ya sallama kafin ya mutu, sai ya yanke na'ura tana tsakiyar rubutu. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Daɗin daɗawa, mafi yawan kwamfutocin da talaka ke iya saye na gwanjo ne, sun riga sun yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo ta Ikko su iso shagunan Titin Beirut a Kano, batirinsu ya riga ya tsufa tun kafin su sha iskar ƙasar nan. Kuma tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, ga shi Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa, muna zaton irin waɗannan kaya za su ƙara kwararowa.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan 'yan akwatuna a ɗakin makarantar ƙauye? Amsa ita ce, zamani ya riga ya ɗaura makomar ƙannenmu a jikin akwatunan nan. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda da fensir gaba ɗaya. Hukumar WAEC ma ta soma nata a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Neman gurbin karatu, da rajistar bautar ƙasa, da neman bashin karatu, da neman aikin gwamnati, duk sun koma intanet. Yaron da makarantarsa ta kulle kwamfutoci shida masu lafiya saboda batir, ran jarrabawa ne zai fara ɗora hannu a kan madannai, yana gasa da ɗan birni wanda ya tashi da ita a ɗakin uwarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga cikinmu mun ɗanɗana wannan, mun san yadda hannu ke rawa a wannan rana, mun kuma san abokan da suka fi mu ƙoƙari a aji amma suka tsaya a nan.

Asara ta biyu ta fi kusa da mu. Babu zangon da zai wuce ba mu ji ɗalibin ajin ƙarshe yana salati ba, kwamfutarsa ta ƙi tashi ana saura mako biyu a miƙa kundin bincike. Sai ya ruga wurin mai gyara, shi kuma don ya sallame shi da wuri ya ce sai an yi fomatin. Cikin awa guda na'ura ta tashi fes, aikin shekara guda kuwa ya bi ruwa. Haka ake yi wa ƙaramin ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda jerin sunayen ma'aikata ko lissafin takin zamani ke cikin na'urarsa. Fomatin a irin wannan hali daidai yake da rushe ɗaki don mabuɗi ya ɓata. Ko da Windows ta lalace ta yadda ba ta gyaruwa, ana iya tayar da na'urar daga filash mai ɗauke da Ubuntu ko wani nau'in Linux, a kwashe takardu tukuna, sa'an nan a yi abin da za a yi.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan cuta ta matalauta ce kaɗai. Ran 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi a faɗin duniya, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Maganin kuwa bai wuce a tayar da kowace na'ura ta hanyar kariya a goge fayil guda ba. Ba wanda ya ce na'urorin sun mutu, ba wanda ya kulle su a ɗaki. Cikin 'yan kwanaki akasarinsu suka koma aiki, saboda a can kusan kowace ma'aikata tana da mutumin da ya san inda zai taɓa. Bambancinmu da su a wannan fage shi ne wannan mutumin.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ƙasar da muke magana a kanta ba ta san zubar da abu ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda jama'a masu yawan gaske ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba. Sirrin kuwa iyayenmu sun san shi tun kafin a rubuta: jakuna su kai itace birni su dawo da taki, kara ya zama danga, harawa ta zama abincin dabba, kashin dabba ya koma gona. Je ka kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi ka ga mai gyaran keke da mai gyaran babur da mai gyaran rediyo. Je ka bakin madatsar ruwan Tomas ko ta Watari da rani ka ga yadda saurayin da bai gama firamare ba ke kwance injin ban-ruwa ya mayar da shi. Waya ma da ta zo jiya jiya, ga yaranmu nan a kasuwar Farm Centre suna buɗe cikinta. Ashe ba basira muka rasa ba. Kwamfuta ce kaɗai aka kawo mana a matsayin kayan gwamnati, abin tsoro, wanda ba a taɓawa sai da takarda, kuma duk bayaninta da Turanci. Mun ga irin wannan a dā. Manyanmu suna ba da labarin taraktocin da aka shigo da su zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980, yadda da yawa suka yi tsatsa a harabar ofisoshi saboda rashin ɗan ƙaramin kayan gyara da wanda zai ɗaura shi. Bai kamata a maimaita wannan da kwamfuta a kan idonmu ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowace matsala ce ƙarama ba, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In faifai yana ƙara ƙas-ƙas, ko saitin farko bai gan shi ba sam bayan an duba wayoyinsa, to a kashe na'urar a nemi gwani, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Kada a buɗe na'ura tana jone da wuta. Kada a kwance akwatin da ke raba wuta a cikinta, don yana riƙe caji ko bayan an zare shi. A taɓa ƙarfen jikin akwati kafin a taɓa ram, musamman da hunturu. Kafin a sauya kowane saiti a rubuta yadda aka same shi, ko a ɗauki hotonsa da waya, kuma a sauya abu ɗaya ɗaya. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya tabbata yana da mabuɗinsa mai lamba 48 a rubuce a wani wuri, domin taɓa saiti kan sa a tambaye shi. Wanda bai san abin da yake yi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka muna kira kamar haka. Na farko, ga Ƙungiyar Ɗalibai: a ware rana guda kowane wata, a sa tebur a harabar ƙungiya, ɗaliban ilmin kwamfuta da na injiniya su zauna su duba na'urorin 'yan'uwansu kyauta, da sharaɗin mai na'ura ya tsaya ya ga abin da ake yi, ya kuma yi da hannunsa. Mata su kasance cikin masu koyarwa da masu koyo, domin makarantun 'yan mata su ma suna da ɗakunan da ke kulle.

Na biyu, ga ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, na Bichi da Ɓagwai da Dawakin Tofa da Minjibir da sauransu: maimakon hutu ya ƙare a walima da rabon kalanda, a nemi izinin hukumar makaranta a rubuce, a je da batura da sukundireba da filash. In an gyara, kada a tafi sai an koya wa malami ɗaya da ɗalibai biyu ko uku, a kuma bar musu bayanin a takarda da Hausa. Yankin da ke da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa wadda ke yaye ɗalibai tun bayan kafa ta a 1977, bai rasa hannayen da za su yi wannan aiki ba.

Na uku, ga yayyenmu matasan ma'aikata, waɗanda takardun sayen kaya ke bi ta teburinsu: duk lokacin da za a rubuta kuɗin sayen kwamfuta, a rubuta na kula da ita a layin da ke biye. A haɗa da sola ko na'urar riƙe wuta. A ba shugabannin makarantu izini bayyananne na sauya batir da goge ƙura ba tare da tsoron mai binciken kuɗi ba. Kafin a rubuta cewa na'ura ta mutu, a sa wanda ya sani ya duba ya sa hannu. Bikin miƙa kaya kwana ɗaya ne, amfaninsu kuwa na shekaru ne in an kula.

Na huɗu, ga masu sana'ar gyara, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne kuma a wurinsu muka koyi abin da muka sani: ku ji tsoron Allah game da amanar da ke cikin na'urorin mutane. Ku tambayi mai kaya kafin ku goge, ku gaya masa gaskiyar abin da ya lalace, ku karɓi ladan aikinku daidai da shi.

Na ƙarshe, ga kowa da kowa: rigakafi ya fi magani. Duk takardar da rasa ta zai sa ka kuka, ka ajiye ta wuri biyu, ɗaya a filash ɗaya a akwatin imel ɗinka, kuma yau za ka yi, ba gobe ba.

Da kuɗin talakawa aka gina azuzuwan da muka zauna, da kuɗin gero da gyaɗa iyayenmu suka biya mana rajista. In ilmin da muka samo bai kai ga buɗe ɗaki guda a makarantar da ta yaye mu ba, to da sauran aiki a gabanmu. Malam ya aiko mana da saƙo bayan mun dawo, ya ce 'yan aji shida suna shiga ɗakin rukuni rukuni duk ranar da aka sami man janareta, kuma yanzu damuwarsa ita ce kujeru ba su isa ba. Allah ya ƙara mana irin wannan damuwa, ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.